Atishawar Motar Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da rana tsaka, Allah ya karɓi ran ƙanina, autan Innarmu, wanda tun yana rarrafe ba mu kira shi da wani suna ba sai Auta. Ma'aikacin jinya ne. Yana tsaye a ɗakin marasa lafiya yana sauya wa wani dattijo ledar ƙarin ruwa, ya dafe ƙirji, ya zauna a bakin gadon, bai sake tashi ba. Ya bar mata da 'ya guda, ya bar Inna, ya bar ni, yayansa makanike, da gardamar da ba mu ƙarasa ba.

Auta, masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinka, kuma ba su ƙara gishiri ba. Wata baiwar Allah da ba mu taɓa gani ba ta zauna tana kuka, ta ce duk tsawon jinyar mijinta kai kake yanke masa farce, kana yi kana tsokanarsa har ya manta da ciwon. Direban babbar motar nan mai gyambo a ƙafa ya zo yana ɗingishi, ya tuna mini yadda kake biyowa garejina da safe ka wanke masa ciwon a kan benci, alhali ƙudaje ma sun fi mu kusantarsa. Ni kuwa ga tabon fankar inji a bayan hannuna. Kai ka ɗinke shi, kana ɗinki kana yi mini faɗa kamar kai ne babba. Abu ɗaya ne ban taɓa yafe maka ba: ba ka taɓa shiga garejina ka bar sifana a inda ka same ta ba.

Sai kuma motar. Tsohuwa ce, ja, mai turbo, ka sayo ta kana washe baki kamar an yi maka albishir da Aljanna. Ga wanda bai san aikinmu ba, turbo abu ne da ke matsa iska cikin inji don ƙarin ƙarfi. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur zai sauya giya, ƙofar iskar takan rufe, sai wani ɗan bawul ya saki wadda ta taru. Masu ƙera motar sun sa masa tiyo da ke mayar da iskar bakin turbo, shiru, ba wanda zai ji. Kai kuwa ka cire tiyon, ka toshe ramin, ka bar bawul ɗin yana feso iskar waje. Duk giyar da ka sauya, sai motar ta yi fishsh, kowa a layi ya waiwayo.

Na yi magana har bakina ya gaji. Na ce maka na'urar motar ta riga ta auna iskar nan, kwamfutar ta ba da man da ya dace da ita, kai kuma ka zubar da iskar a titi, man ya shiga shi kaɗai. Na nuna maka fulogai sun yi baƙi ƙirin. Na nuna maka hayaƙin salansa, da yadda motar take neman mutuwa duk inda ka taka birki a mahaɗa. Ka yi kunnen uwar shegu da ni. Ka ce, "Yaya, kai mota kake gyarawa, ni kuwa daɗinta nake ji." Gaskiya ɗaya ce, da fari burga ce kawai ta yarinta, kuma ko a gaban kabarinka ba zan ce ba burga ba ce.

Daga baya idon Inna ya fara tafiya, har ya tafi gaba ɗaya. Ta koma zaman kujerar bakin taga, tana sauraron titi. Hon kowa da irinsa, injin kowa da irinsa, amma mota mai atishawa ɗaya ce a unguwar, kuma Inna ce ta raɗa mata sunan. Kullum da yamma idan ka tashi aiki sai ka biyo ta wajenta. A kwanar gidan kakan sauya giya, motar ta yi atishawarta, Inna ta amsa daga taga tana dariya, "Yarhamukallah, Auta!" Kafin ka kashe inji ta laluba ta zare sakatar ƙofa. Duk da haka ban daina mita ba. Na ajiye tiyon a saman kabad ɗin kayan aiki, ina cewa kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, wata rana da ƙafarka za ka zo nema.

Ranar da abin ya faru, ni aka kira asibiti. Na gan ka, na rufe maka fuska, wani abokin aikinka ya damƙa mini wayarka da makullin motarka. Babu wanda ya isa ya gaya wa Inna sai ni, kuma ba magana ce ta waya ba. A motar haya na zo, don haka na shiga taka. Kujerar ma ban gyara ba. Ina tuƙi ina shirya kalmomin da zan fara da su, kaina ba ya tare da ƙafata. Na iso kwanar gidan, na sauya giya kamar yadda kowane direba zai yi.

Auta, na ji muryarta tun ban tsaya ba. Na ji ƙarar sakata. Na fito na same ta a bakin ƙofa, fuskarta cike da murna, ta miƙo hannu tana cewa yau ka tashi da wuri. Hannuna ta kama. Ta shafa tabon nan da ka ɗinke, ta gane ni ne. Duk kalmomin da na shirya babu wadda ta fito, kuma ba ta buƙace su ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, matarka ta ce in riƙe motar, ba za ta iya ganinta a ƙofar gida ba. Na kai ta gareji, na sauko da tiyon, na kaɗe masa ƙura, na mayar da shi, na ɗaure. Aikin da muka shekara da shekaru muna gardama a kansa bai kai shan shayi ba. Injin ya daidaita, hayaƙin ya ɗauke, ta koma lafiyayyar mota yadda na daɗe ina so. Na zauna a ciki na yi kukan da ban yi a makabarta ba, domin babu wanda zan ce wa, ka gani ko?

Da yamma na je wajen Inna. Har na shiga ɗaki na yi sallama ba ta san na iso ba. Ta ce ba ta ji motar ba. Na ce na gyara ta. Sai ta ce:

"Da ma ta lalace ne?"

Na ce, "Inna, gudun kada ki riƙa jin kamar shi ne."

Ta ce, "Babban yaya, ido na rasa, ban rasa hankali ba. Na san ba shi ba ne. Amma daga atishawar nan zuwa sallamarka, ɗana yana da rai. Ɗan lokacin nan ne ya rage mini. Ka mayar mini da abina."

Washegari na sake cire tiyon da hannuna. Yanzu ni ne nake bin kwanar nan kullum da yamma, ni nake sauya giyar, fulogai suna baƙi ina kallo. Inna ba ta ƙara amsawa daga taga ba, amma ina jin sakatar. An ce haƙuri maganin zaman duniya, ni dai har yau ban ji sauƙi ba, kuma ban ga alamar zuwansa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kowace yamma ni nake kawo ka gare ta, kuma muryata ce take sake ɗauke ka.

Allah ya jiƙanka, Auta. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa hannun da ka wanke ciwon bayinsa da shi ya zame maka hujja ranar da babu wata hujja. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da 'yarka da har yanzu take tambayar yaushe za ka dawo daga aiki, da abokan aikinka, da marasa lafiyar da suka saba da tsokanarka. Allah ya ba Inna abin da ni ba ni da ikon ba ta. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ka ci gardamar, ƙanina. Idan na tsaya a ƙofar gidan yanzu, nakan kashe inji in zauna, in yi ta laluben abin da ban yar ba, don in jinkirta sallamar.