Mahaucin Karshi Ya Daina Dambe, Bai Kwance Zare Ba

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Lahadi muka zauna a filin damben Karshi, ni da maƙwabcina na Jikwoyi, mutumin Filato mai gyaran janareta. Ni na ja shi. Na daɗe ina cika masa kunne da labarin wani mahauci ɗan dambe, har na ce in ya kalle shi bai miƙe tsaye ba, kada ya ƙara yarda da maganata.

Ga yadda na san mahaucin a farkonsa. Daga mayanka yake zuwa, ya ɗaure hannu da zare, ya faɗa fili. A dambe, mai neman ka yakan tsaya gabanka ya miƙa maka dunƙulallen hannu. In ka amsa, a gwabza. Shi bai taɓa duba girman mutum ba. Ko ya kayar ko a kayar da shi, duk a turmin farko. Na ga ranar da aka zubar masa da haƙori, ya tashi yana dariya, ya ce a sake.

A wannan Lahadin kuwa, da farko ya iso a makare, sanye da baƙin tabarau. Sannan ya yi ta zagaya fili, makaɗa na zuba masa kirari. Wani sabon ɗan dambe, dogo, ya miƙa masa hannu, mahaucin ya kau da kai. Dogon ya sake zuwa, mahaucin ya dafa kafaɗarsa, wai ciwo. Daga ƙarshe ya zaɓi wani da ƙarfinsa ya ƙare, suka yi ta rungumar juna har alƙali ya gaji ya raba su. Ba wanda ya taɓa ƙasa.

Maƙwabcina ya ce, "Oga, wannan ne zaki naka? Ai ni da madam mun fi haka faɗa!"

Da aka tashi na bi mahaucin bayan fili. Na ce, "Kai, me ya same ka?"

Ya rusuna. "Baba, gadi nake yi a Maitama yanzu. Oga ya ce ranar da na zo masa da kumburarren ido, in bar masa ƙofarsa."

"To, ka kwance zaren mana!"

"Sunan fa, Baba?"

Ban hana shi neman abinci ba, gadi sana'a ce. Amma dambe yana da tsari: a shiga, a yi tashe, a kwance hannu, a koma gefe. Shi ya ƙi na ƙarshe. Ya tare hanya, ga dogon nan ba zai yi suna ba sai ya kara da mai suna.

Ni kuma tawa ta same ni. Har yau in na ce za a yi ruwa, sai maƙwabcina ya shanya kayansa.

Mai karatu, in ka je Karshi ka ga dogon ya miƙa hannu an kau da kai, ina roƙonka kada ka tafa wa mai tabarau. Ka miƙe tsaye, ka tafa wa dogon.