Mai Fararen Ɓeraye a Keken Gwadangaji

Ka taɓa ganin mace na yi wa ɓera fifita? Ga ta a keken Gwadangaji, siririya, da kejin fararen ɓeraye bisa cinya. Na ƙirga, takwas ne.

"Malama, biki za ki kai su?" in ji mai keke.

"Ɗakin bincike, Baba. Bi sannu, kar su galabaita. In jini ya yi cunkoso a jijiyar hanta, bangon hanji yakan saki, dafin ƙwayoyin cuta ya tsallaka cikin jini. Shi nake aunawa, saboda masuntanmu na Argungu masu kumburin ciki."

Wataƙila ɗiyar masunci ce. Tamu ce dai, a nan take aikinta. Mai keke ya rage gudu, ni kuma da ke zaune kusa da ita na karɓi mahucin.

Gobe a keke, gwada tambayar na kusa da kai me ya ɗauko.