Ƙarfen da ya taru a zuciyata

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya rabona da in rubuta ko kalma a wannan shafin. Wasu sun ce na tafi cin rani Kano, wani ma har ya kira matata ya yi mata gaisuwar mutuwa. Ban mutu ba, amma na leƙa lahira.

Abin ya fara da gajiya. Ni da nake saɓa motopom, injin ban ruwa, a kafaɗa daga gida har lambuna na bakin tafki, sai ga shi rabin buhun albasa yana zaunar da ni. Gaɓoɓin yatsuna suna ciwo. Fatata ta yi wani duhu mai toka-toka, abokai suna tsokanata wai rana ta gama gasa ni.

Duk wanda ya dube ni magana ɗaya ce: jininka ya ƙare. A Madarunfa kuwa kowa likita ne in dai a kan ƙarancin jini ne.

Lokacin matata Rabi tana da ciki. Duk zuwa awo sai a ba ta jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini, ita kuma ta riƙa ajiye mini su kusa da kokon kunu. Na ce ai nata ne. Ta ce, "Kai ka hi ni buƙata, Malam. In ka hwaɗi, wa za ya riƙe mu?"

Na sha. Na ƙara da siro, na ruwan da ake saya a kantin magani, da hanta duk ranar kasuwa. Wata huɗu ina haka, ina jiran ƙarfi ya dawo.

Maimakon haka ƙafafuna suka kumbura. Kwanciya ta gagare ni, sai dai a jingine da bango. Zuciyata takan yi gudu, ta tsaya cak, sannan ta ci gaba. Wata Juma'a na sunkuya ruku'u, ban sake sanin inda nake ba sai da na ji ana yayyafa mini ruwa.

Yayana Isufu ya taso daga Gabi ya kai ni Maradi. Aka yi radiyo, hoton ƙirji, aka yi ekografi, hoton zuciya, aka ce zuciyar ta buɗe, bugunta ya yi rauni. Suka ba ni maganin rage ruwa, suka tura mu Yamai, don sun rasa dalilin haka ga mai shekara talatin da tara da ba shi da hawan jini.

Likitar Yamai ta juya hannuna tana duba yatsun. Ta ce, "A gidanku akwai wanda ya rasu da kumburin ƙafa?"

Babanmu. Da ƙaninsa. Dukansu ba su kai hamsin ba. Tun muna yara an ce mana jifa ce aka yi musu a kan rigimar gona. Na dubi Yaya, ya kau da kai.

Aka ɗebi jini don auna sinadarin ƙarfen da ke jiki, kuɗin awon jika goma sha biyar na sefa. Kwana shida muna jiran sakamako, kuma ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Da ya fito, likitar ta ce cutar gado ce. Jikina yana zuƙe ƙarfen da ke cikin abinci fiye da kima, ba ya iya fitar da shi. Shekara da shekaru yana taruwa a hanta, a gaɓoɓi, a cikin naman zuciya, har ya sa ta kasa matsawa, ya rikita mata bugu.

Na zaro ƙwayoyin Rabi daga aljihu na aza a kan tebur. Ta ɗauka ta duba.

"Ba su suka kawo ta ba, da ita aka haife ka," in ji ta. "Amma ƙarfe ne a cikinsu, ko ɗaya kada ka ƙara."

Da ta ce maganin shi ne a riƙa ɗibar mini jini, Yaya ya miƙe tsaye. "Mi? Mutum ya zo ba jini, ku ce za ku zubda wanda ya rage? Tashi mu tahi gida."

Wallahi na kusa bin shi. Abin da ya zaunar da ni shi ne na tuna ƙafafun Baba.

Kaɗan-kaɗan suka fara, saboda raunin zuciyar, tare da wani magani mai fitar da ƙarfe. Ranar farko na ƙura wa ledar jinin ido tana cika, ina ta salati.

Ina can Rabi ta haihu. Jininta ya yi ƙasa sosai har sai da aka ƙara mata leda biyu. Ƙwayoyin da ta hana kanta ke nan. Har yau in na tuna kunya takan rufe ni.

Yanzu ina taka ƙafata zuwa lambu, ina sujada ba tsoro. Zuciyar ba ta koma yadda take ba, ɗibar jini kuma ni da ita har ƙarshen rayuwa. Alhamdulillahi. Na gode wa likitocina, na gode wa Rabi, na gode wa duk wanda ya sa ni a addu'a.

Don Allah, kada ku sha maganin ƙarin jini ba tare da an auna ku ba. Mai ciki ta sha nata. In an samu wannan cuta ga mutum ɗaya, duk ƴan uwansa na jini su je a auna su, ko da ba sa jin komai.

Ƙannena biyu sun je. Yaya Isufu ya ƙi, wai shi lafiyarsa lau.

Yaya, na san za a karanta maka wannan. Ranar sunan ɗiyata, da na dawo daga Yamai, na ga ka tsaya sau biyu kana maida numfashi tsakanin ƙofar gida da zaure. Na kuma ga ka tsaga bayan takalminka don ƙafar ta shiga. Ranar Litinin ina da ɗibar jini, zan biyo ta Gabi. Ba zan tashi daga ƙofar gidanka ba sai da kai.