Sai An Yi Rijiya

Wutarmu a Highbridge, unguwarmu a Bronx ta birnin New York, hita ce, tsohon ƙarfe a gindin taga mai ƙwanƙwasa kamar ana gyaran tukunya a cikinsa. Nan Kaka, mahaifiyar babana, take shimfiɗa bargo bayan magariba, ta miƙe ƙafafu, ta ce wutar da ba ta hayaƙi ba ta da amana, amma da ita za a yi. Ni da ƙanwata Rabi mu raɓa jikinta. Maigida take kirana, kuma kullum sai ta yi mini gori, wai ta auri mijin da ake yi wa Hausa yana amsawa da Turanci.

A hunturun da nake shekara goma hankalin gidanmu ba a kwance yake ba. Baba ya yanke shawarar tura ni Maraɗi wurin ƙanensa in yi karatu in koyi hali, don ya ga yadda wasu yaran unguwa suke lalacewa. Mama ba ta so, amma ba ta iya musu a gaban surukarta. Ni kuwa tsoro ya cika ni. Duk na sa rai ga Kaka, don ita kaɗai ce in ta ce a'a Baba zai sunkuyar da kai. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce i ba. Sai ta kama ba mu labari guda tana maimaitawa, wanda ko dabba ɗaya ba ta magana a cikinsa.

"Ga ta nan ta iso, ku matsa mata," in ji ta.

Wani manomi ne gonar gado ta yi musu kaɗan shi da 'yan'uwansa, ƙasar kuma ta gaji. Ya ɗora gatari da hauya da irin gero a kan jaki, ya ja matarsa da 'ya'ya maza biyu suka yi arewa, dajin da ba wanda ya taɓa sara. Suka kafa tunga, bukkokin kara da shingen ƙaya. Suka sare, suka ƙone, suka yi shuka a tsakanin kututture. Uban yana kwana a bakin shinge saboda kuraye, uwar kuma wuni take yi a hanyar ɗebo ruwa. 'Yar autarsu a tsohon gari suka bar ta wurin gwaggonta, suka ce za a zo a ɗauke ta in an yi rijiya.

Rijiyar farko ta rufta. Da aka sami ruwa aka ce sai an yi rumbu. Aka yi rumbu, fara ta sauka. Zazzaɓin damina ya ɗauke ɗaya daga cikin yaran da aka tafi da su. Ita kuwa yarinya tana can tana cin tuwo ta ƙoshi, tana zuwa makarantar allo, kullum tana leƙen hanyar arewa. Sanda aka zo ɗaukarta har ta fara zama budurwa. Ta iske tunga ta zama ƙauye, an yi mata ƙanne, kowa ya san inda aka binne yayanta ban da ita. In suka tuna shekarar fara suka yi dariya, ita sai murmushin baƙo. Uwarta ma nauyin aikenta take ji.

Nan Kaka take datsewa, ta ce ta ƙare, mu tashi mu ba ta wuri.

Haba! Ina ƙarshen? Baba, yana jera hulunan da zai kai teburinsa na bakin titi, sai ya ce to mun dai ji, wadda aka bari ita ta rayu, ita ta yi karatu. Mama daga kicin ta ce a hankali, kamar da tukunya take, ta rayu dai amma ba uwa. Kowannensu ya ɗauka Kaka bayansa take. Ni kaina ya kulle. In New York ce tungar, ai ni a tungar aka haife ni, to yaya za a bar ni a garin da ban taɓa gani ba? Na tambaye ta ni wane ne a ciki, wanda ya mutu ko wadda aka bari. Ta ja mini kunne ta ce maigida ya cika tambaya.

Aka tura ni. Na ji haushinta ƙwarai, har in ta kira waya sai in ce a gaya mata ina lekol, wato makaranta. Sai da na ji ta kwanta ciwo na karɓa, ko gaisuwar kirki ban yi ba na tambaye ta abin da ya hana ta tsaya mini. 

"Maigida, ni ce yarinyar," ta ce. "Na tsufa ban san ko gata suka yi mini ko yar da ni suka yi ba. Na yi ta faɗa muku ne ko a cikinku wani zai gaya mini."

Na dawo Bronx ban same ta da rai ba. Na dawo da Hausar da nake wannan rubutu da ita, kuma ban faɗa cikin halin da wasu abokaina suka faɗa ba. Rabi kuwa ta girma ba tare da ni ba, har yau gaisuwar maƙwabta muke yi. Wani lokaci Mama takan tambaye ni ko abin yana yi mini ciwo, Baba kuma ya tambaye ni ko yanzu na ga amfaninsa. Kowa ina ce masa i, kuma ban yi wa kowa ƙarya ba.