Albasa a Bakin Mayafi

Ina budurwa, a shekarun yaƙin duniya, nakan taya gwaggona koyar da 'yan mata ƙanana a gidanmu na unguwar Jarwal, a Makka. Da safe karatun allo ake yi. Bayan la'asar kuwa sai gwaggo ta rera musu waƙar wa'azi ko ta ba su labari da Hausa, don Larabci ya fara cinye musu baki. In ta gama takan ce, "To, wa ya ba ku haushi a ciki?" Nan musu zai kaure, rabi Hausa rabi Larabci. Ba ta raba gardama. Sai dai ta maimaita wurin da ake jayayya a kai, ta ce su sake saurara.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da gwaggo, matar baffana ta karɓi makarantar. Inna muke ce mata. Tana da karatu, muryarta ma ta fi ta gwaggo daɗi. Amma burinta a ce yaranta sun fi na kowa taushin zuciya.

Yaƙi ya ƙare, alhazai suka dawo da yawa, matan Kano da Sakkwato da suka sauka a unguwarmu suka riƙa shigowa ganin makarantar. Inna ta zaɓi wata waƙa ta marainiya. A farkonta uwa tana yi wa 'yarta kitso, a ƙarshe yarinyar tana tsaye a bakin kabari. Ta ce in an zo baitin kabari za ta buga mafici a tabarma, kowa ya fashe da kuka. Yaran sun ji waƙar har ta gundure su, hawaye ya ƙi zuwa. Ranar da za a yi baƙi na tarar da Inna tana yanka albasa, tana ƙulle wa kowace yarinya a bakin mayafi.

"Inna, wannan fa?"

"Hawaye ai hawaye ne," in ji ta. "Mutane sun taso daga uwa duniya, su ga abin da za su ba da labari."

Ta turara ɗakin sosai don warin ya ɓuya. Baƙi suka zauna, ta fara rerawa. Akwai wata 'yar ƙarama da uwarta ta rasu bara waccan. Tun a baitin kitso ta fara kuka a hankali, Inna ta galla mata harara. Da mafici ya sauka, sauran suka tusa fuska a mayafi suna goga ido, ɗaki ya ɗau ihu. Ita kuwa 'yar ƙaramar lokacin ta riga ta share fuska. Ta ɗaga kai ta ce, "Inna, yanzu wa zai riƙa yi mata kitso?"

Baƙin suna ta nasu kukan na gaskiya, wata tsohuwa tana cewa 'ya'yan Makka daban Allah ya yi su. Ni kuwa warin albasa da turare ya haɗu ya ishe ni, na fita tsakar gida ina tofar da yawu.

Bayan an watse Inna ta murɗe wa yarinyar kunne, wai ta yi kuka ba a wurin kuka ba, ta kuma kunyata ta da surutu. Na kai wa gwaggo maganar. Ta juya fuska ga bango ta ce ba ta da ƙarfin faɗa da matar ƙaninta. Yarinyar ba ta ƙara zuwa ba. Daga baya ubanta ya koma da ita Jidda.

Ni ma na daina shiga ɗakin. Da na yi aure na tara 'yan yara a gidana, har da wasu daga cikin na Inna. Waɗannan sun wahalar da ni. In na ba da labari na tambaye su yadda suka ji, sai su yi tsit suna kallon hannuna, suna jiran a buga mafici. Sai da muka kusa shekara kafin wata ta buɗe baki ta ce ita labarin bai yi mata daɗi ba.