Malam Lawal Rewaya, mutumin da ya ƙwace mani makullin mota

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye ina tace gasara, Yaya Indo ta kira ni a waya. Ta ce, "Hadiza, Malam ya tafi." Na ajiye matacin, na zauna a ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Lawal Rewaya nake nufi, mai gyaran wutar mota a Ƙofar Guga, mijin Yaya Indo.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗi abin da na sani.

Aminin maigidana ne, marigayi Malam Bishir. Lokacin da sojoji suka sauka aka koma mulkin farar hula, ma'aikata suka ɗan samu sauƙi, Bishir ya sayo mota 'yar Kwatano, mai giyar otomatik. Bai daɗe da ita ba Allah ya karɓi abinshi. Ya bar ni da ɗiya huɗu, ga mota a ƙofar gida a Kambarawa, an rufe ta da tsohon zanin gado.

Da na fita takaba, yayyenshi suka ce a sayar da ita a raba gado. Ba mugunta ba ce, wa zai tuƙa? Malam Lawal ne ya roƙe su. Ya ce kuɗi ana cinye su, mota kuwa nemowa take. A bar ni in koyi tuƙi, in riƙa kai yaran unguwa makaranta iyayensu na biya. Suka yarda, amma zangon karatu ɗaya suka ba ni. In abin bai kama ba, a sayar.

Shi ya koya mani, a wani fili bayan la'asar. Kullum da Yaya Indo a kujerar baya, tana riƙe da ƙofa tana salati. Yakan waiwaya ya ce, "Indo, tafiyar nan ko akuya ta fi mu sauri, mi kike wa salati?"

Daga nan ya sa mani suna Direba. Har ya bar duniya bai sake kirana Hadiza ba.

"Direba, ƙafar hagu ki ba ta hutu, ba ta da aiki a motar nan."

"Direba, ba a taɓa giya sai an taka birki."

Satin farko da na fara ɗaukar yara na ji kunyar da ba zan manta ba. Na sauke yara a ƙofar makaranta, na kashe mota, makulli ya ƙi fita. Na murɗa in sake tayarwa, shiru. Kun san mutanen Katsina da taimako. Nan da nan 'yan acaɓa suka ajiye baburansu, mai shayi ya bar tukunyarshi, aka ce a tura. Haka kowa ya saba, mota in ta ƙi tashi turawa ake. Bayin Allah nan suka tura ni har bakin kwana suna zufa, ko tari motar ba ta yi ba. Wani ya ce a kawo filaya a fizge makullin.

Ina hawaye na roƙi ɗaya daga cikinsu ya je Ƙofar Guga.

Malam ya zo a bayan babur. Ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya yi masu godiya. Sannan ya leƙo ta taga, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. "Taka birki. Mai da giyar can sama, kan P." Na mayar. Makulli ya fito kamar ba shi ba.

Ya ce wa mutanen irin wannan motar ba ta tashi da turi, sai haƙuri. Bai ce ni na manta giya a D ba. Ya rufa mani asiri a gaban jama'a.

A hanya ya ce mani, "Ba taurin kai take maki ba. Ta riƙe makullin ne don kada ki fita ki bar ta a giya. Ki gode mata."

Na gode mata a baki, amma a raina haushi take ba ni.

Abin ya fara kamawa. Yara suka ƙaru, har da na Ƙofar Marusa. To ni kamar kowace matar gida, makullaina duk a zobe ɗaya suke: na ƙofar gida, na ɗaki, na sito, na akwati, na kwaɗon tankin ruwa. Na haɗa da na mota. In ina tuƙi sai su riƙa lilo suna dukan gwiwata. Ban san nauyinsu yana cinye cikin ramin makullin ba.

Ana saura kaɗan a fara jarrabawar ƙarshen zango, sai makullin ya daina gardama. Ko a wace giya na kashe, zare shi nake. Har murna na yi.

Na biya garejinshi don fitila ɗaya da ta mutu. Na kashe, na zare, na fito ina cewa, "Malam, motar nan ta yi hankali." Ban rufe baki ba na ga fuskarshi ta canza. Ashe ban mai da giya kan P ba. Motar ce take gangarawa a hankali, ta nufi inda wani bakanike ke kwance ƙarƙashin wata mota. Malam ya yi tsalle ya faɗa ciki ya ja birkin hannu.

Ya fito yana haki. Ya miƙo hannu. "Kawo makullin."

Na ba shi, na ɗauka dubawa zai yi. Ya cire na motar ya sa a aljihu, ya miƙo mani sauran.

"Motar nan ba ta sake ɗaukar ɗan kowa sai an canza wurin makullin gaba ɗaya. Babu irinshi a nan, sai an aika Kano."

Na ce Malam ka rufa mani asiri, zan riƙa kula. Na ce in na yi fashi ana jarrabawa iyaye za su ba 'yan acaɓa yaransu, yayyen Bishir kuma ido suka sa. In aka sayar da motar nan da mi zan ci da marayu? Wani abokin aikinshi ma ya sa baki, ya ce a lallaɓa haka nan, motoci nawa ke yawo a gari da makulli irin wannan.

Malam ya ce, "Yau kan gangara ce ba kowa a ciki. Gobe za ki fita raka ƙaramin cikin yaran bakin aji, sauran na mota. Ko yaro ya ja makullan nan kuna tafiya, sitiyari ya kulle. Mi za ki ce wa uwarshi? Mi zan ce wa Bishir?"

Na tafi gida a ƙasa ina kuka. Ko sallama ban yi mashi ba.

Washegari da sassafe na ji hon a ƙofar gida. Malam ne da tsohuwar motarshi, wadda ƙofar baya sai an ɗaure da igiya. Ya ce, "Direba, yau ke ce kwandasta. Shiga baya ki nuna mani gidajen."

Haka muka yi har kayan suka iso. Safe ya kai, rana ya ɗauko, garejinshi a rufe mutane na jira. Yara suna mashi waƙa suna ja mashi hula. Ko ɗaya bai makara jarrabawa ba. Da aka dawo daga hutu, babu wanda ya sake ta da zancen sayar da mota.

Da motar nan na ciyar da ɗiyana, na yi masu karatu, na aurar da uku.

Ganina da shi na ƙarshe cikin azumin da ya wuce ne. Na kai masu kunu. Yana kishingiɗe a zaure, ya rame, idon ma ya yi rauni, amma da jin sallamata ya ce, "Direba ce?" Na ba shi labarin autata Hafsa ta sayi mota, irin wadda ba a sa makulli, maɓalli ake dannawa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To Alhamdu lillahi, masu ƙera mota sun jira sai da na tsufa sannan suka kore mu daga sana'a." Da zan tafi ya ce in gaida yaranmu na makaranta. Yaranmu, haka ya ce.

Na ce za su ji. Ban isar da saƙon ba sai yau.

Ku da na riƙa ɗauka a shekarun nan, na san da yawanku kuna nan kuna karanta wannan. Wasunku malamai ne yanzu, wasu 'yan kasuwa, wasu na kai nasu ɗiyan makaranta. Kullum kuna gode mani cewa ban taɓa kai ɗayanku asibiti ba. Mai tsohuwar motar nan da kuka ja wa hula, shi za ku gode wa. Yana gaishe ku.

Allah ka gafarta wa Malam Lawal. Ka yalwata kabarinshi, ka haskaka shi. Yadda ya tsare amanar marayu da ɗiyan mutane, ka tsare mashi nashi. Ka haɗa shi da amininshi Bishir a Aljanna. Ka ba Yaya Indo da iyalinshi haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi mashi addu'a kafin ka wuce. Ku kuma yarana na mota, bayan azahar za a yi mashi salla a Ƙofar Guga. Wanda ke gari ya zo.