Ranar da Kunne Ya Sallami Kawu

"Wai da gaske za a karɓe makullin safe daga hannunsa?"

"Haka na ji. Manaja ya ce wanda ba zai iya tayar da kwamfutarsa shi kaɗai ba, ba zai buɗe ofis shi kaɗai ba."

"Ai ba laifinsa ba ne, laifin Kawu ne."

"Sai ka je ka faɗa wa manaja. Ni dai janye min wannan akwalar taka in fita."

Direbobi biyu ke nan a ƙofar ofishin motocin haya, sun manta taga a buɗe take, sun kuma manta wanda ke zaune a bayanta. Kunne suke ce masa. Tun yana saurayi ciwo ya tafi da idanunsa, ya koyi aikin haɗa waya a wani asibiti, daga can ya dawo nan yana karɓar kiran masu neman mota. Da tari yake gane direba. Da kukan inji yake sanin wanda ya makara. Shi ke buɗe ofis kafin kowa, kuma da wannan makulli yake yi wa matarsa burga: duk garin nan, in ji shi, ba mai zuwa aiki sai ya tashe shi.

Kawu kuwa ba mutum ba ne. Tsohuwar manhaja ce mai karanta masa abin da ke kan allo, da wata murya mai kauri kamar ta dattijon da aka tasa daga barci. Da ta tsufa, mai gyara ya zo ya cire ta, ya sa sabuwa mai zaƙin murya, direbobi suka raɗa mata Malama. Sai dai Kawu bai tafi duka ba. Kullum aka kunna kwamfutar sai guntunsa ya farka, ya nemi kayansa ya rasa, ya kafa wani akwati a tsakiyar allo yana ta maimaita magana ɗaya, ba a sami fayil ba, ba a sami fayil ba, har ya danne muryar Malama. Madannai ba sa rufe akwatin. Sai mai ido ya kama linzamin kwamfuta ya rufe shi.

Mai shara ce ke rufe masa shi, wata dattijuwa da yake kira Yaya. Ran da jikanta ya tashi da zazzaɓi ta makara, wata mata da ta yi odar mota tun jiya ta rasa jirginta, saboda Kunne ya kasa jin lambar gidanta. Daga nan maganar makulli ta taso.

Kunne ya kira mai gyara. Mutumin yana wani gari, ba zai dawo da wuri ba.

"Wallahi na cire shi, Baba. Sai dai in sunansa ya rage a cikin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta. A can za a duba. Amma a kashe tukuna a gwada, kada a goge abin da ba shi ba."

"Wato dai akwai mai tashinsa."

"Kamar haka."

Washegari Yaya ta jingine tsintsiya ta miƙa hannu ga linzami. Kunne ya dafe shi.

"Yau bar shi ya yi ta kuka."

"Kai ƙanena, wannan jarabar? Ni kaina har ya fara sarawa."

"In kin rufe min yau, wa zai rufe min gobe?"

Ya manna abin sauraro a kunne, ya sunkuyar da kai. A asibiti, in layuka suka harɗe, mutum uku kan yi magana lokaci guda, shi kuma ya tsamo muryar mai naƙuda ya bar sauran. Haka ya yi. Can ƙarƙashin gunagunin Kawu, ga Malama tana magana siririya. Ya bi ta da yatsu har inda mai gyara ya kwatanta, tana karanto masa abubuwan da ke tashi tare da kwamfutar ɗaya bayan ɗaya: na sauti, na kare kwamfuta, na injin buga takarda. Ba sunan Kawu.

Ya zargi wani daga cikinsu, ya kashe shi, ya sake kunna kwamfutar. Kawu ya dawo, Malama kuma ta yi tsit.

"Ka kori ta kirkin, ka bar mahaukacin!" Yaya ta riƙe ciki tana dariya.

Ba muryar Malama, ba ido. Amma yatsunsa sun riƙe hanyar da suka bi, ya koma a makance na gaske, ya mayar da abin da ya kashe. Malama ta dawo. Sai a lokacin ya lura da wani a can ƙarshe da take tsallakewa da kalma ɗaya, "manhaja", ba suna, ba kamfani. Ya sa ta karanto inda abin yake nunawa. Tsohon ɗakin Kawu ne, wanda aka riga aka kwashe.

Ya kashe shi. Ya sake kunnawa.

Fanka na juyawa. Wani inji na dumama a waje. Sai ga Malama ita kaɗai, tas, tana yi masa barka da zuwa.

Yaya ta saki tsintsiya ta yi ihu, direbobi suka yi dafifi a taga. Wani ya ce a yi wa Kawu addu'a, wani ya ce a'a, ya tafi ke nan ba a so ya san hanya. Kunne bai kula su ba, sai da ya goge abin gaba ɗaya, ya sake gwadawa, ya ji ba muryar Kawu.

Takun takalmin manaja ya ji a bakin ƙofa. Ya laluba ya zare linzamin, ya kashe allon ma baki ɗaya, ya sake kunna kwamfutar a gaban manajan. Waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya ji unguwa, ya tura direba, duk a kan baƙin allo.

Ya ajiye kan wayar, ya juyo yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, ga linzami nan, a ba wa mai bukata. Makullina kuma, don Allah a bar min shi a aljihuna."